Fuskar Sula a Kan Dutse

Asibitin masu tari, Kudu
Yuli, 1961

Yaya Arnaluk,

Gaisuwa mai yawa gare ki da mijinki Paniluk. Ina fatan kuna lafiya, ina fatan nama bai yanke muku ba. Ni da sauƙi. Tarin ya ragu, na daina ganin jini, har sun bar ni ina zama bakin gado ina ɗinki. Abincinsu ne dai har yau na kasa sabawa da shi. Kome sai sun dafa shi ya mutu murus, ganye kuwa sai ka ce zomaye suke kiwo.

Ya 'yata Sula? Shekara ta zagayo tun da na kwance ta daga bayana a bakin ruwa na miƙa miki, jirgi yana ta busa mana ƙaho. Ni da ke ba mu taɓa zama zango ɗaya da girmanmu ba, kakanninmu mata ne kawai suka fito ciki ɗaya. Amma da mijina Tiivi ya ce ba zai iya da jaririya da yara maza biyu a wurin farauta ba, ban tuna kowa ba sai ke. Sunan marigayiya mahaifiyarki ne a kanta, wa zai riƙe ta kamar ke?

Wata mata da aka kawo daga wajenku ta ce wai kin zama mai zane. Wai Baturen ɗakin bugu yana ba ki takarda da fensir ki zana abin da kika ga dama, maza su sassaƙa shi a dutse, su shafa tawada su buga, a kai wa Turawa su rataya a bango. Na yi dariya har tari ya taso mini. Ke da na sani da allura da wuƙar fata?

To in gaskiya ne, ga roƙona. Ki zana mini Sula. In na rufe ido jaririya nake gani mai 'yan haƙoran gaba, kuma na san ba haka take ba yanzu. Ina so in san fuskar da zan nema a bakin ruwa ranar da na dawo.

Ƙanwarki,
Inuuja


Kinngait
Jirgi yana shirin komawa

Kakata,

Kar ki ɓata rai, dole in kira ki haka. Ke kika haifi mahaifiyata a karo na biyu, to me kika zama in ba kakata ba? Kaka mai shekara ashirin da ɗoriya, kwance a gadon Turawa tana cin ganye. Mun ji daɗin labarin sauƙi, Allah ya ƙara. Mu ma lafiya, sai gwiwar Paniluk da ke sanar da mu zuwan iska kafin ta iso. Tiivi ya shigo da fatu kwanakin baya, shi da yaran duk sun yi ɓul-ɓul. Ya ce a gaishe ki, kin dai san shi da rubutu.

Inna tana nan ƙalau. Ta yi wayo, ta yi baki. Jiya na yanka kifi, kafin in juya ta ƙwaƙule idanun ta watsa a baki, ta harare ni ta ce, “'Yata, wuƙar nan taki ba kaifi.” Paniluk ya riƙe ciki don dariya. Ni kuwa sai da na fita waje na share hawaye, don haka tsohuwar take ce mini tun ina ƙarama, da wannan muryar, da wannan hararar. Karnuka ma sun gane ta, tana daka musu tsawa suke kwantawa.

Zancen zane gaskiya ne, ni ma ban san yadda aka yi ba. Shayi na kai wa Paniluk ɗakin bugu, Baturen ya miƙo mini takarda, na ce me zan ƙunsa a ciki? Yanzu in na gama ɗinki sai in ɗora katako a cinya in fara. Ba na shirya kome. Hannun ne ke tafiya, ni ina binsa a baya ina kallo. In na nufi hankaka, sai ya fito da kai biyu da kifi a baki, Baturen ya ce madalla. Na tambayi Paniluk ko mutanen nan ba su taɓa ganin hankaka ba ne, ya ce in yi shiru in karɓi gari da sukarina.

Ban taɓa zana ɗan Adam ba sai da kika roƙa. Na zaunar da ita a gabana, na ba ta busasshen nama ta yi ta tauna, na yi guda biyu. Ɗaya Paniluk ya gani ya ɗauke ya tafi da shi wurin aiki, ɗayan ga shi na naɗe miki. Ta fito sak, har ni da na yi sai da na tsorata. Ki liƙa a saman gadonki.

Jikarki,
Arnaluk


Asibitin masu tari
Oktoba, 1961

Yaya,

Ina gaishe ku, ina yi wa Paniluk sannu da gwiwa. Jikina yana ci gaba, likita ya ƙwanƙwasa bayana ya gyaɗa kai. Na karanta wasiƙarki har ta fara yagewa a wurin ninki.

Amma Yaya, ina jin kin yi kuskuren takarda. Sai da na wanke hannu kafin in warware ta. Matan ɗakinmu duk sun kewaye gadona, don na riga na cika musu baki cewa yau za su ga 'yata. Na buɗe, sai ga tsohuwa. Kitso biyu, zanen haɓa layi-layi, idon hagu a ɗan runtse. Na san ta mana, mahaifiyarki ce, na ci abinci a hannunta hunturu guda ina yarinya. Kin iya, ba ƙarya, har na ji kamar za ta aike ni saro ƙanƙarar da za a narka a dafa shayi. Sai dai ba ita na roƙa ba.

Can wata ta ce, “Inuuja, 'yar nan taki ta girma da wuri.” Aka yi dariya, ni ma na taya su. Na juya bayan takardar ko yarinyar tana can, ba kowa. Na ɗaga ta a hasken taga. Na leƙa cikin hular rigar goyon tsohuwar ko kin ɓoye ɗan kai a ciki, tunda an ce ku masu zane ba a gane muku. Suna kawai na gani a ƙasa da rubutunki, Sula.

Akwai wata dattijuwa a gadon kusa da nawa, Mikijuk, mutuniyar yamma ce. Ta karɓa ta daɗe tana kallo, ta miƙo mini, ta juya fuska bango. Na ce, “Iya, lafiya?” Ta ce, “Barci nake ji.” Rana kuwa tana tsaka, ko abinci ba a kawo ba.

Wataƙila na yarinyar shi ne wanda Paniluk ya ɗauke. In haka ne ki karɓo ki aiko mini.

Inuuja


Asibitin masu tari
Bayan Kirsimeti

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Na san teku tana tsakiyar daskarewa lokacin da na rubuto, jirgin ruwa ba ya shiga, na sama ba ya sauka. Na faɗa wa kaina haka har na gaji. Wasu a ɗakin nan sun sami wasiƙu, ni shiru.

Na takura wa Mikijuk sai da ta yi magana. Ta ce, “'Yar nan, a wajenmu ba a gaya wa majinyaci mutuwa baki da baki. Aiko masa da wani abu ake yi, ya gane da kansa sannu a hankali. Kin roƙi yarinya, an aiko miki da matacciya mai sunanta. Me kike so in ce?” Na ce mu ba haka muke yi ba. Ta ce, “To da kuna da takarda ne, balle ki san yadda kuke yi da ita?”

Na koma kan wasiƙarki. Kin ce kin fita waje kin share hawaye. Kin ce kin tsorata. Amma kuma kin ce tana nan ƙalau, tana cin idon kifi. Wace ce ƙalau ɗin? Daga farko har ƙarshe ba ki ce “'yarki” ba ko sau ɗaya, Inna kike ta cewa. Wani lokaci in karanta in ga yarinya tana wasa da karnuka, in sake karantawa in ga mace ce kawai take tuna uwarta. Kaina ya ɗaure, Yaya. Takardar tana ƙarƙashin katifa, na kasa liƙa ta, na kasa yar da ita.

Abinci ya ƙi shiga, zazzaɓi ya dawo. Likita ya ce in na ci gaba da ramewa, in manta da jirgin bazara. In ta mutu ki rubuta mini kalmar da hannunki, zan iya ɗauka. Wannan rashin sanin ne ba zan iya ba.

Inuuja


Kinngait
Tsakiyar sanyi

Kakata,

Tana raye. Tana raye, tana zaune a kan ƙafata yanzu haka tana jan fensir ɗin. Wasiƙunki biyu tare suka sauka jiya. Na karanta ta biyun na ruga da ita ɗakin bugu ko rigar kirki ban sa mata ba, na danna tafinta a tawada na buga miki a ƙasan takardar nan. Ki ƙirga yatsun. Ki gaya wa tsohuwar yamma ta riƙe al'adarsu a wajensu, ki tashi ki ci ganyenki. Mu lafiya lau, nama akwai.

Amma ni ma kin jefa ni cikin ruɗu. Ban yi kuskuren takarda ba. Wanda Paniluk ya ɗauka da naki duk ɗaya ne, ita ce a gabana lokacin da na yi su. Yau da safe na sake zaunar da ita na yi wani don in ga inda kike cewa na kauce, abin da ya fito shi ne dai ya sake fitowa. Na kai wa Paniluk na ce, “Dubi yarinyar nan ka dubi takardar nan, ba ita ba ce?” Ya dubi wannan ya dubi waccan, ya sosa ƙeya ya ce, “Ni dutse nake sassaƙawa, ba na shiga tsakanin mata.” Na ce, “Zanen haɓar ne? Ai kowa ya san ba ta kai a yi mata ba, amma nata ne.” Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ko me za ki ce, a ɗakin bugu sun ce ban taɓa yin kamarsa ba. Paniluk da kansa yake sassaƙa shi. Ya shafe dutsen da fari, ya kwafe zanen a kai, yana cire duk inda ba layi da ɗan ƙarfensa, fuskar tana tasowa kaɗan-kaɗan. Kullum sai na ƙirƙiri dalilin kai shayi. In ba kowa kusa sai in ɗora tafina a kumatunta. Akwai sanyi, amma kumatun Inna dama haka suke in ta shigo daga waje.

In kin dawo, ki roƙi Tiivi ku kafa tanti kusa da mu a nan Kinngait, ki riƙa ganinta kullum. Zango ba wurinta ba ne yanzu, ta sha wahalar zango ta ishe ta. Kin san jirgin da ya ɗauke ki shi ya ɗauke mini ita a karon farko tana tsohuwa, ta ɗaga mini hannu daga kwale-kwale, sai bayan shekara fada, limamin coci, ya zo ya ce ta rasu. Ba wanda ya nuna mini inda aka sa ta. Yanzu ta dawo gida, ga ɗumi, ga shayi, ba abin da za ta nema ta rasa.

Arnaluk


Asibitin masu tari
Maris, 1962

Arnaluk,

Na gode. Na ɗora tafina a kan nata na tawada na yi kuka har ma'aikaciyar jinya ta zo da allura. Na cinye abincin ranar tas, na karɓi na Mikijuk na ƙara. Ita ma ta yi murna, ta ce a ba ki haƙuri. Likita ya ce in na riƙe haka, ina cikin masu komawa da jirgin bazara. Ina gaida Paniluk, shi kaɗai ne mai ido a gidanku.

Yanzu na gane, kuma abin da na gane bai yi mini daɗi ba. Na nemi fuskar 'yata na ga ta tsohuwa, na ɗauka mutuwa ce. Ashe ke ce ba ki taɓa ganin yarinyar ba. Kusan shekara biyu tana cin abinci a gabanki, ba ki dube ta ba.

Kar ki koya mini nauyin suna. Ni na zaɓa mata shi, da farin ciki na sa. Ɗana na biyu sunan mahaifina ne a kansa, Baba nake kiransa, kuma in ya yi dariya nakan ji tsohon a ciki. Amma ni nake share masa majina, in ya faɗi ɗan yaro nake ɗauka. Sula tana ce miki wuƙarki ba kaifi don ta ga in ta faɗa kina kuka kina rungume ta. Shekararta uku. Wa yake rungumarta in ta yi abin da tsohuwar ba ta taɓa yi ba?

Kin ce in kafa kusa in riƙa ganinta. Ban ba ki ita ba, Yaya. Da kyauta ce da na faɗa a gaban mutane kamar yadda ake yi, da ban sake buɗe baki ba. Ajiya na ba ki ina tari jini. Ina jin tausayinki, Allah ya sani, ni ma a nan nake ganin inda suke kai mamatanmu, fili ne mai ciyawa ba ko suna. Amma tambayata ɗaya ce, kuma kar ki amsa mini da hoto. Za ki ba ni 'yata?

Inuuja


Kinngait
Ƙanƙarar bakin gaɓa ta fara tsagewa

Uwar Sula,

Ina gaishe ki, ina murna da jikinki. Yarinya lafiya, ta yi mura ta warke. Na daɗe ban amsa ba don fushi nake yi. Na fara miki wasiƙu na zagi, duk na kunna fitila da su. Na ce wa Paniluk, “Ka ji mara kunya, wai ban dube ta ba, ni da nake tauna mata nama.” Ya ce, “Uhm.” Mutumin nan wata rana uhm ɗinsa zai kashe ni.

Sun gama buga hoton. Na tsaya na ga ana mulmula tawada a fuskar, a shimfiɗa takarda, a murza da bayan cokali, a ɗaga a hankali, sai ga Inna. A sake, ga Inna. Suka rataye su a igiya har ɗakin ya cika da ita tana hararata ta ko'ina. Sai na ga Paniluk ya ɗauko magagari. Kin san dokar wurin, ko ba ki sani ba: in an buga adadin da aka yanka, kankare dutsen ake yi ya koma sumul a sassaƙa wani abu a kai. Na sani tuntuni. An yi wa hankakina haka ban ko waiwaya ba. Ban dai taɓa kawowa a raina za a yi wa wannan ba.

Na ce a ba ni dutsen in kai gida. Baturen ya ce ta bakin mai fassara duwatsun kaɗan ne, kuma an yi wa masu saye alkawari ba za a ƙara ko ɗaya ba. Na ce da Paniluk, “Uwar matarka ce fa.” Ya tsaya da magagari a hannu kamar wanda aka dasa, ya ce, “To ya zan yi, Arnaluk? Gobe zanen mujiyar wani zai hau dutsen.” Na ce, “Ba ni magagarin. In za a yi, ba kai za ka yi ba.”

Ni na yi. Na fara daga kitso, na bar idanu sai ƙarshe. Aikin ya fi ƙarfin hannuna, ba wanda ya karɓe ni, har masu surutun nan suka fita shan taba. Da na gama na share garin dutsen a gwangwanin shayi, na hau tudu na jera duwatsu a kansa irin na kabari, yadda ya kamata a yi mata tun farko. Kukan da ban samu na yi ba ranar da fada ya zo, a can na yi shi.

Da na sauko na tarar da wata 'yar mitsitsiya a ƙofar gida tana ƙoƙarin cusa ɗan kwikwiyo a hular rigarta, majina har baki. Inna ba ta taɓa son kwikwiyo ba, ƙafa take sa musu. Na tsaya ina kallo kamar 'yar maƙwabta ce. Na ɗauko katakona. Wannan karon hannun bai tafi da kansa ba, kowane layi sai na ɗaga kai na duba, ita kuwa ta ƙi zama. Ga shi nan. Bai yi kyau ba, Baturen ko kallo na biyu ba zai yi masa ba. Goshin ba irin namu ba ne, ban san na wane ne ba a cikinku.

Kin ce kar in amsa da hoto, to ga amsa da baki. Zan ba ki. Zan kawo ta bakin ruwa da sababbin takalma. Inna zan ci gaba da kiranta, wannan kar ki ce in bari. Na fara gaya mata uwarta tana zuwa a jirgi, ta ce, “'Yata, ni ai ba ni da uwa, tsohuwa ce ni.” Laifina ne, ina gyarawa, amma ban san ko zan gama kafin ki iso ba. In ta ɓuya a bayana kar ki ji haushi, ni zan matsa gefe.

Arnaluk


Asibitin masu tari
Yuni, 1962

Yaya,

Na samu. Ina lafiya, an rubuta sunana cikin masu tafiya. Allah ya saka miki, ban san me zan ce bayan wannan ba.

Ban kira kowa ba wannan karon, ni kaɗai na warware. Na liƙa shi a saman gado, ina kallonsa tun shekaranjiya. Goshin na uwar Tiivi ne, ina jin. Sauran ban sani ba. Yaya, tsohuwar da kika fara aikowa ina buɗewa na gane ta. Wannan yarinyar, da a hanya na gamu da ita, wucewa zan yi in tambayi 'yar wace ce. Na yi miki faɗa ba ki dube ta ba, ga ni ina dubawa ban san ta ba.

Kar ki matsa da nisa ranar. Kuma ki rubuto mini kafin ƙanƙara ta narke jirgin sama ya daina sauka: me take tsoro, me ke sa ta dariya, ta wane gefe take kwanciya, ya ake lallashinta in ta yi fushi, ya sunan kwikwiyon. Ki rubuta da yawa, ko da abin da kike ganin ba kome ba ne. Ina da sauran lokacin haddacewa.

Ƙanwarki,
Inuuja